Kilamidiya a Tasawa da Mayahi: Martani Ga Mai Cewa Aure Kaɗai Ya Isa Kariya

Kwanan baya wani marubuci ya fitar da maƙala yana caccakar ma'aikatan lafiyar da ke faɗakar da jama'ar jihar Maradi a kan cututtukan da ake ɗauka ta wurin saduwa. Ya ware ɗaya daga cikinsu, wadda likitoci ke kira kilamidiya, ya ce tsoro ne kawai ake son shuka wa mutanen Tasawa da Mayahi. Irin wannan magana ba ta rasa masu gyaɗa kai a majalisa, domin tana sauke wa maza nauyi, tana kuma rufe zancen da kowa ke jin nauyin buɗewa. Amma a kan mace da jaririnta abin yake ƙarewa, shi ya sa ya kamata a bi maƙalar dalla-dalla a ba ta amsa.

Ga hujjojinsa a taƙaice. Ya ce kilamidiya cutar manyan birane ce da ƙasashen Turawa, kuma tunda ƙanjamau ma ba ta yi yawa a Nijar ba, babu dalilin tayar wa manoman Korgom da Kanambakashe hankali da cutar da ba su taɓa jin sunanta ba. Ya ce a ƙasar da ake aure da wuri, aure da tsoron Allah sun isa kariya. Ya ce ciwon sanyin da mata ke kuka da shi daga masai da rashin tsafta yake zuwa, sassaƙe ko kafso kuma suna maganinsa. Ya ce yankin da ya fi ko'ina haihuwa ba a yi masa barazana da rashin haihuwa, sai in da wata manufar ƙayyade iyali a ɓoye. Daga ƙarshe ya nemi a kai ɗan kuɗin da ke akwai ga zazzaɓin cizon sauro da tamowa, a bar zancen da zai zubar da kunya ya buɗe wa matasa ido.

Akwai gaskiya a cikin maganarsa, kuma ba za a hana shi ita ba. Namiji da macen da ba su taɓa kusantar kowa ba sai junansu, cutar ba ta da ƙofar shiga tsakaninsu. Zazzaɓi da tamowa suna ɗaukar yara kowace damina. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna masu ƙanjamau a Nijar kashi 0.4 ne cikin 100 na manya, adadin da ke cikin mafi ƙanƙanta a Afirka kudu da Sahara. Abin da ya gina a kan waɗannan gaskiyar ne bai tsayu ba.

A fara da cewa babu cutar a nan. Ƙanjamau ana gwada ta a wurin awon ciki da wurin bayar da jini, shi ya sa ake da lissafinta. Kilamidiya fa, wa ke gwada ta a ƙauye? A cibiyoyin lafiya na karkara, waɗanda ake kira CSI, ma'aikaci yana bin tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanadar wa wuraren da babu ɗakin gwaji: ya saurari kukan mai ciwo, ya duba alama, ya ba da maganin da ke kashe ƙwayoyin cutar da aka san suna kawo wannan alamar. Abin da zai rubuta a littafi shi ne zubar ruwa daga gaba, ko ciwon mara, ko gyambo. Sunan kilamidiya ba ya shiga, ko da ita ce ta kawo mai ciwon. To yaya za a ɗauko littafin da ba a rubuta sunan cuta a cikinsa a ce ga shaidar babu ita?

Mafi yawan masu ɗauke da ita ma ba sa zuwa asibitin, domin ba sa jin komai. Lissafin da likitoci suka saba kawowa shi ne, mata kamar bakwai cikin goma da maza kamar rabi ba sa ganin wata alama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai an samu sabon kamuwa kusan miliyan 129 a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49 a faɗin duniya, adadin da ya zarce na gonoriya mai miliyan 82, kuma babu nahiyar da ta kuɓuta. Gundumar Tasawa da ta Mayahi kowace tana da mutum fiye da rabin miliyan tun ƙidayar 2012. Babbar hanyar Maradi zuwa Damagaram ta ratsa Tasawa da Maijirgi, iyakar Najeriya kuma tana kudu ba nisa. Wace katanga ce marubucin yake ganin ta kewaye su?

Mutanen yankin ma sun daɗe da sanin wannan ƙwayar cuta, sai dai a ido suka san ta. Amodari, ciwon da ke lanƙwasa gashin ido ya koma ciki yana kartar ƙwayar ido har tsohuwa ta makance, jinsin ƙwayar cuta ɗaya ke kawo shi da kilamidiya, mai suna Chlamydia trachomatis. Reshen da ke kama ido yana bin hannu da tsumma da ƙuda, babu ruwansa da saduwa, kuma mai amodari ba abin zargi ba ne. Reshen da ke kama al'aura kuwa ta shimfiɗa yake bi. Shekara da shekaru shirin lafiyar ido na ƙasa, da tallafin Cibiyar Carter da ƙungiyar Helen Keller, ya yi ta rabon azitromisin gari-gari a jihar Maradi don kawar da amodari, manya da yara suna karɓa. In ta ido ƴar gida ce, me ya mayar da ƴar'uwarta baƙuwa? A kuma sani cewa wancan rabo na shekara-shekara ba ya tsare kowa daga ta al'aura, domin wanda ya warke yana iya sake kamuwa, kuma har yau ba a samu allurar rigakafinta ba.

Sai hujja ta biyu, wadda ita ce ginshiƙin maƙalar, cewa aure ya isa. Aure yana tsare mutum daga zina, wannan ba gardama. Amma ƙwayar cutar da ɗaya daga cikin ma'aurata ya shigo da ita, ɗaurin aure ba ya kashe ta, kuma tana iya zama a jiki watanni, wani lokaci fiye da shekara, ba ta motsa ba. A dubi yadda zaman aure yake a ƙasar nan. Binciken 2012 ya nuna kashi 36 cikin 100 na matan aure a Nijar suna zaune da kishiya, a jihar Maradi kuma abin ya fi haka. Saki da sake aure ba baƙon abu ba ne. Bazawara ta gama idda ta shiga sabon ɗaki, alhali idda ciki take tantancewa, ba ta raba jiki da cuta. Magidanci ya rabu da wannan ya auro waccan. Da an gama girbin hatsi kuma sai samari da magidanta su kama hanyar cin rani, wasu Katsina da Kano da Legas, wasu Agadas da wuraren haƙar zinariya na Jado, wasu har Libiya. Akwai mai dawowa da faɗuwar ruwa, akwai mai shekara biyu. Akasarinsu suna tsare kansu, amma mutum ɗaya da ya zame sau ɗaya ya isa ya kawo wa gida guda ciwo.

A ɗauki misalin gida mai mata biyu a wani ƙauyen Mayahi. Amarya ta ji ciwon mara da zafin fitsari, ta nemi izini ta je likita, aka ba ta magani, aka kuma ba ta saƙo ta gaya wa maigida shi ma ya zo. Ta yi ta juya maganar a ranta har ta iso gida ba ta sami bakin faɗa ba, don tana tsoron ya tambaye ta inda ta samo ciwon. In ma ta daure ta faɗa, amsar sananniya ce: shi lafiyarsa lau, ba ya jin komai. Ya yi kwana biyu a ɗakin uwargida, girki ya dawo kan amarya. Kafin wata ya zagayo ciwon ya dawo mata, uwargida kuma, da ba ta taka ƙofar asibitin ba, tana ɗauke da shi ba ta sani ba. Babu wadda ta yi zina a cikin matan nan biyu. Wace nasiha ce a maƙalar marubucin za ta raba su da wannan ciwo?

Abin da zai raba su da shi sananne ne, kuma ba mai wuya ba ne. Miji da matansa duka su sha magani lokaci ɗaya, mai jin ciwo da wanda ba ya ji. Maganin farko shi ne dokisisiklin mai miligiram 100, safe da dare, kwana bakwai cur. Mai ciki ba a ba ta shi, sai azitromisin giram ɗaya da ake haɗiya sau ɗaya. A dakata da saduwa kwana bakwai, har kowa ya gama. Kuma tunda cutar tana daɗewa a ɓoye, ganin ta a jikin mace yau ba shaida ba ce cewa ta ci amanar mijinta, haka shi ma. Ma'aikacin lafiyar da ya iya faɗa wa ma'aurata wannan magana a natse ya ceci aure, wanda kuwa ya cusa wa jama'a cewa sai fasiƙi ke kamuwa, shi ne ya kulle bakin amarya.

Auren wuri da marubucin ya jingina da shi ma hujja ce a kansa. Binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar an aurar da su kafin su cika shekara 18, a jihar Maradi kuma kashi 89. Bakin mahaifar yarinya ƙarama ya fi saurin kamuwa da kilamidiya fiye da na babbar mace, shi ya sa a Amurka ake ba da shawarar gwada mata ƴan ƙasa da shekara 25 da suka fara saduwa kowace shekara, Ingila kuma ta kafa shirin gwajin matasa tun 2003. Yarinyar da aka kai ɗakin mutumin da ya riga ya yi aure biyu ko uku, ita ce ta fi kowa buƙatar a kula da wannan batu. Ko gwajin kafin aure da jihar Kano ta mayar doka a 2024, ƙanjamau da ciwon hanta da sikila ya fi mayar da hankali a kai, kuma duk a jini ake duba su. Kilamidiya a fitsari ake neman ta ko a ruwan gaba, don haka takardar gwajin jini ba ta wanke kowa daga ita.

Batun masai kuwa kuskure ne da ya yaɗu har cikin masu boko. Kilamidiya ba ta rayuwa sai a cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum, ba a ɗaukar ta a bakin masai, ko a buta, ko a kwanon abinci. Gaskiya ne ba kowane farin ruwa ko ƙaiƙayi ba ne ke zuwa ta saduwa, wasu daga sauyin da ke faruwa a jikin macen ne kawai. Wannan shi ne dalilin zuwa a duba, domin cututtuka dabam-dabam ne ake haɗawa a kira su sanyi, kuma kowace da maganinta. Allurar da ke kashe gonoriya, alal misali, ba ta kashe kilamidiya, shi ya sa ake haɗa wa namiji mai zubar ruwa magani biyu.

Kowa ya san yadda ake yi ranar kasuwa. Magidanci ya raɓa wurin mai tallan magani da farantinsa da ya wuni a rana, ya yi ƙasa da murya ya ce fitsari ke masa zafi, a ciro masa kafso biyu ko huɗu a ƙulle a leda. Zafin ya lafa, ya ɗauka ya warke. Maganin da aka ce a sha sau goma sha huɗu, huɗu ba sa kashe cutar, sai dai su kwantar da alama, su kuma koya wa wasu ƙwayoyin cutar, musamman gonoriya, jure wa magani. Mai farantin ba zai tambayi mace ko tana da ciki ba, ba zai ce a kawo miji ba. Sassaƙe da jiƙo kuma babu wanda aka gwada aka tabbatar yana kawar da kilamidiya. Shi kansa namijin bai tsira ba, domin cutar tana iya sauka ta kumbura masa maraina.

Hujjar da ta fi kowace ciwo ita ce ta haihuwa. Binciken 2012 ya ce matsakaicin haihuwar mace a Nijar 7.6 ne, a jihar Maradi 8.4. Amma matsakaici lissafi ne na taro, ba ya share hawayen wadda ta yi shekara goma a ɗaki ba ta ga ko ɓari ba, ko wadda ta haifi ɗaya haihuwar ta tsaya cik. A garin da maƙwabciya ke da takwas, juya ta fi shan gori. Ƴar Damagaram Aisha Macky ta nuna wa duniya wannan ƙunci a fim ɗinta na 2016 a kan matan Nijar da ba su samu haihuwa ba. Rashin haihuwa yana da dalilai da yawa, wasu ma a jikin namiji suke, amma akwai wanda ake iya tarewa tun da wuri, kuma kilamidiya tana gaba-gaba a cikinsa.

Aikinta irin na gara ne a cikin rumbu, daga waje ba a ganin komai. Daga bakin mahaifa take hawa ta shiga mahaifa, ta kai ga siraran bututun da ƙwai ke bi. Kamar mace ɗaya cikin goma, ko fiye kaɗan, daga waɗanda ba su samu magani ba, cutar tana kai su ga kumburin cikin mara. In kumburin ya lafa sai ya bar tabo, tabon ya toshe hanya, kuma kowane sabon kamuwa yana ƙara ɓarnar. Magani yana kashe ƙwayar cutar, amma ba ya goge tabon da ya riga ya zauna. Wani babban bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka wallafa a 1985, wanda ya duba ma'aurata marasa haihuwa a ƙasashe 25, ya gano cewa kusan rabin matan Afirka da aka duba bututunsu biyu duk a toshe suke, alhali a ƙasashe masu arziki abin bai wuce kamar ɗaya cikin goma ba. To wa ke ƙayyade iyali a nan, mai cewa a yi magani mahaifa ta tsira, ko mai cewa a yi shiru har hanya ta toshe?

In bututun bai toshe gaba ɗaya ba, ciki yana iya maƙalewa a cikinsa ya fara girma a wajen mahaifa. Wajen wata biyu bututun yana iya fashewa, jini ya riƙa zuba a cikin ciki ba a gani. Wannan ba ya da magani sai tiyata cikin gaggawa. Macen da abin ya same ta da dare a ƙauyen Urafan ko Gidan Amumun, sai an nemi amalanke ko babur an keta rairayi kafin a kai ta asibitin gunduma, in abin ya fi ƙarfinsu a wuce da ita Maradi.

Jariri ma yana da nasa rabon. Yana iya ɗaukar cutar a hanyar fitowa, kuma takan bayyana tsakanin kwana biyar zuwa sha huɗu, wato daf da suna ko bayansa kaɗan. Ana cikin hidimar baƙi da wankan jego sai a ga idon yaro ya kumbura yana fitar da kwantsa har ya manne. Kaka ta ce a tatsa masa nono a ciki, wata ta ce a ja masa kwalli. Alhali abin da yake buƙata maganin sha ne daga likita, domin man shafawa kaɗai ba ya isa, kuma ƙwayar tana iya sauka huhu ta sa shi tari da sarƙewar numfashi a watanninsa na farko. Idon wannan jariri saƙo ne cewa uwa da uba duk su je a ba su magani.

Game da kuɗi, babu wanda ya ce a ɗebo na gidan sauro ko na abincin masu tamowa. Dokisisiklin yana cikin magunguna mafi araha, ƙwaya goma sha huɗu ke nan. A auna su da tiyatar dare, da jinin da za a nema, da shekarun da mace za ta yi tana sayar da akuya da hatsi tana yawon neman haihuwa. Hanyar isa ga mata ma tana nan, domin tun 2006 gwamnatin Tanja Mamadu ta ayyana awon ciki da kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, a shekarar kuma aka kafa dokar lafiyar haihuwa. Na'urar GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da ita tana iya gano kilamidiya da gonoriya cikin kamar awa ɗaya da rabi in an sayo kayan gwajin. Ƙarancin ƙanjamau da marubucin ke alfahari da shi kuma abin tsarewa ne, tunda kilamidiya tana sauƙaƙa wa ƙanjamau shiga jiki.

Saura kunya. Yaron da ya sauke Ahalari ya shiga Ishmawi da Risala, a gaban malami yake koyon hukuncin haila da janaba da bambancin maniyyi da maziyyi, kuma babu wanda ya ce an lalata shi. Malaman Malikiyya sun yi bayanin cututtukan al'aura da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure. In fiƙihu bai ji nauyin ambaton waɗannan ba don ibada da aure su inganta, me zai sa a ji nauyinsu don mahaifa ta tsira? Makarantun mazaje da Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fara a jihar Damagaram a 2008, suka kuma bazu zuwa wasu jihohi har da Maradi, sun nuna cewa magidanta suna iya zama a inuwa su tattauna awo da haihuwa ba tare da mutuncin kowa ya zube ba. Kwaroron roba, irin Foula da ƙungiyar Animas-Sutura ta yaɗa a Nijar, yana rage kamuwa ƙwarai in an yi amfani da shi daidai. Faɗin haka ba halatta zina ba ne. Wanda ya saɓa wa Allah zunubinsa yana wuyansa, amma matarsa da ke gida tana jiransa ba ta yi laifin da za a haɗa ta da ciwo ba.

Matsayin wannan martani a fili yake. Kamun kai shi ne kariya ta farko, a ci gaba da wa'azinsa, amma a haɗa shi da sani da magani, domin cutar tana shiga gidajen aure ta kama waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Limamai da masu gari na Tasawa da Mayahi su gaya wa magidanta cewa raka matansu asibiti haƙƙi ne na aure. Gidajen rediyon karkara su ba ungozomomi da likitoci fili su yi bayani da Hausa. Ma'aikatan CSI su tsare sirrin mai ciwo, su daina sallamar mace ita kaɗai ba tare da sun nemi mijin ba. Hukumomin lafiya na jihar Maradi su wadata cibiyoyi da magani, su kawo gwajin asibitocin gunduma, a fara da masu ciki da matan da haihuwa ta yi wa jinkiri. Marubucin kuma, tunda yana da masu saurarensa, ana roƙonsa ya sake duba maganarsa ya gyara. Duk magidancin da matarsa ta dawo daga likita da saƙon cewa ana nemansa, ya tashi ya je tare da sauran matansa, su sha maganin rana ɗaya su cika kwana bakwai.